Barunjen da Ke Koyar da Gudu

Duk wanda ya saba sayen nama a kasuwar Bodinga ya san teburin Mainasara, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai faɗin kafaɗa da ke kusa da tukubar masu tsire, wanda yatsun hannunsa na dama ba sa miƙewa sosai. Mutumin Dingyadi ne, barunje ɗan barunje, a cikin fawa aka haife shi. Ba ya kiran masu saye, ba ya dogon ciniki. Ka nuna tsoka, ya yanka, ya ƙunshe maka a takarda, ka ƙara gaba. Matasan yanzu sun ɗauka haka Allah ya yi shi, mutum marar magana. Waɗanda suka girme su sun san da can har a bakin tasha ana jin dariyarsa.

A gidan rundawa ba a zaɓen dambe, tashi ake a tarar da shi tare da wuƙa da kututturen sara. Mainasara ya tarar, ya kuma riƙe da hannu biyu. Da zarar gero ya shiga rumbu, sai ya bar tebur a hannun ƙannensa, ya bi makaɗa daga Dingyadi zuwa Lambara, daga Lambara zuwa Shagari, duk inda aka share fage. Zaren da ake naɗa wa hannu shi ya lanƙwasa masa yatsu. Abin alfaharinsa guda ne, har ya ajiye zare babu wanda ya taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa. In ma akwai wanda ya gani, to bai taɓa faɗa a gabansa ba.

Dambe yana da ƙa'ida, kuma saboda ƙa'idar nan ne nake ba da labarinsa. Da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, wasa ya ƙare. Wanda ya kayar sai ya ja da baya, ya juya ya fuskanci makaɗa da hannu a sama. Dukan wanda ya riga ya faɗi abin kunya ne da ke bin mutum har gidansu. Mainasara ya ɗauki wannan da zafi fiye da kowa, yana cewa shi ne ya raba ɗan dambe da ɗan iska.

'Ya'yansa maza biyu ne da matarsa Safinatu, Attahiru da Naziru. Attahiru ne ɗan fari, don haka uban bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce wancan, ko ya ce yaron nan. Amma shi ne ya ɗauko kafaɗar uban da hannunsa. Wata kaka a fagen Lambara, Attahiru yana sabon shiga, ya kayar da abokin karawarsa, zafin wasa ya sa ya ƙara masa ɗaya a ƙasa. Mainasara ya tsallaka cikin fage ya kwaɗa wa ɗansa mari a gaban makaɗa da jama'a. Bai tsaya nan ba. Da suka koma gida ya sa shi a gaba a bayan shinge, ka kayar, ka ja da baya, ka juya, haka dai kullum har ƙafafun yaron suka koyi yin abin ba tare da sun tambayi kansa ba. Daga baya mutane suna yaba wa Attahiru da tsabtar wasa, uban yana jin daɗi a ransa yana yin kamar bai ji ba.

Dambe ba ya ciyar da gida duk shekara. Da Attahiru ya yi aure sai ya sayi mashin ya shiga kabu-kabu, yana ɗaukar mutane tsakanin Shagari da ƙauyukan gefenta. Wata ranar kasuwa, rana tsaka, wani ya tare shi ya ce ya kai shi Lambara. Suka bar kwalta suka shiga hanyar da ta ratsa gonakin albasa. Kafin la'asar aka zo kasuwar Bodinga aka ce wa Mainasara ya rufe tebur. An soke Attahiru a baya, ya cika a hanyar asibiti. Ɓarawon ya shige jeji da ƙafa, bai ma samu tafiya da mashin ɗin ba saboda manoma sun taso.

Mainasara ya shiga cikin masu wankan gawa. Ya ga inda wuƙar ta shiga, ƙasa da haƙarƙari ta baya, wuri ne da ya sani sarai tunda aikinsa ke nan a jikin dabba. Ya duba, ya ce a ci gaba. A zaman makoki mutane suka cika ƙofar gida, kuma ka san mutanenmu, ba sa iya yin addu'a su tashi sai sun ƙara da labari. Kowa ya zo sai ya ce ai Attahiru ya mutu namiji, ai sai da ya kai ɓarawon ƙasa da naushi ɗaya, ai ɗan Mainasara ne. Suna faɗa suna kallon fuskarsa, suna jira ya ji daɗi. Shi kuwa amin kawai yake cewa. Idonsa bai kawo ruwa ba, aka ce kunyar ɗan fari ce, aka yaba masa da haƙuri.

Ba kunya ba ce, ba kuma haƙuri ba ne. Babu abin da yake ji. Ya yi ta jiran baƙin cikin ya zo kamar yadda ya zo wa Safinatu, wadda ta daina cin abinci ta rame, amma shi bai zo masa ba. Yana cin tuwo ya ƙoshi bai san ko da gishiri a miyar ba. Yana sallah, yana zuwa mahauta, yana fiɗa, yana sara. Wata rana wuƙa ta zame ta yanke shi a babban yatsa, ya tsaya yana kallon jinin yana ɗiga a kan tebur, sai da mai tsire ya yi masa magana sannan ya nemi tsumma ya ɗaure. Wani lokaci abin yana ba shi tsoro kaɗan, ya ce ko dai zuciyarsa ta mutu ne, sai tsoron ma ya wuce ya bar shi yadda yake.

Bayan sadakar arba'in ya hau mota zuwa Shagari, daga nan ya taka zuwa gonakin. Ya nemi Malam Hamza, manomin da aka ce yana ban-ruwa a kusa lokacin da abin ya faru. Bayan gaisuwa da ta'aziyya ya roƙe shi kada ya ba shi labari, ya nuna masa da jikinsa. Malam Hamza ya yi ta jin nauyin abin, daga baya ya kashe injin ban-ruwa ya fito kan hanya. Ya nuna inda mashin ya tsaya, da inda fasinjan ya sauka ya kama mariƙin mashin ɗin. Ya nuna naushin da Attahiru ya kai, ya nuna yadda mutumin ya zube ya dafa ƙasa da hannu biyu. Sannan ya ja ƙafar hagu baya, ya bi ta da ta dama, ya juya a kan dunduniya.

"Hakanga yay yi," in ji Malam Hamza. "Har hannunai ya ɗan ɗaga, awa mai gaida wani. Ba kowa gabanai, sai albasa. Nan wancan yat tashi."

Mainasara ya ce ya sake yi. Manomin ya sake. Bai taɓa shiga fage ba, jujjuyawar tasa a karkace take, amma Mainasara ya gane ta. Tasa ce, shi ya dasa ta a ƙafafun yaron a bayan shinge. Ya yi godiya, ya yi wa albasar addu'ar albarka, ya koma bakin kwalta ya jira mota. A cikin motar har ya yi gyangyaɗi.

Mashin ɗin ya daɗe a zaure an rufe shi da buhu. Da bazara ta shigo, Naziru ya yaye buhun, ya wanke shi, ya ce zai ci gaba da aikin yayansa, tunda akwai matar mamacin da jaririyarta a gidan, tebur ɗaya kuma ba zai ɗauki kowa ba. Safinatu ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ba ta hana ba. Naziru bai kai yayansa jiki ba, siriri ne mai saurin fushi, kuma tun rasuwar yake yawo da abu a ƙirji. Ran nan da yamma ya zo ya durƙusa gaban uban da tsohon zaren dambe a hannunsa. Ya ce a naɗa masa, a koya masa naushin da ba a tashi bayansa, domin hanyar Lambara zai riƙa bi, kuma yana roƙon Allah ya haɗa shi da mai irin wannan niyya.

Mainasara ya karɓi zaren ya jefa a kan rufin akurki. Ya ce ya sa farar singileti ya same shi a bayan shinge. Shi kuma ya tafo da guntun gawayi da ya tsinto daga tukuba, tsawon ɗan yatsa, ya ce wannan ita ce wuƙa, shi ne ɓarawon, Naziru ya yi duk abin da ya iya. Naziru ya yi. Ya kai naushi mai kyau, ya kama wuyan riga, har ya tura dattijon ya yi taga-taga. Da suka tsaya yana haki yana murmushi, uban ya nuna masa cikinsa. Singiletin duk zanen baƙi ne, a ciki, a haƙarƙari, a ƙarƙashin hammata. Naziru bai ji lokacin da aka yi ko ɗaya ba.

Daga ranar kusan kullum bayan la'asar suna bayan shingen. Abin da Mainasara yake koyarwa ba shi da daɗin ji, babu abin kirari a ciki. Ya ce ya daina kallon idon mutum, ido ba ya suka, hannu zai kalla, kuma hannun da ba ya gani shi ne abin tsoro. Fasinjan da ya ce a bar kwalta a bi wata 'yar hanya da babu mutane, a sauke shi a bakin kwaltar, ko zai yi zagi ya yi. In an tsaya, kada ya bar kowa ya matso inda hannu zai kai. In an kama masa wuyan hannu, ya murɗa ta wajen babban yatsan mai kamun, nan ne kamu yake da rauni. In riga aka kama, ya sunkuya ya fice ya bar rigar, saboda haka ya daina sa mai matse jiki. In ba makawa sai ya kai hannu, to sau ɗaya, don ya buɗe hanya, ba don ya ci nasara ba. Sauran duka gudu ne, gudu zuwa inda mutane suke, da ihu iya ƙarfinsa. Mashin kuwa a bar shi.

Naziru ya haɗiye duk wannan da ƙyar. Wata rana ya kasa.

"Baba, gudu kaka koya min? Ni ɗanka, a ce na gudu?"

"A ce," in ji Mainasara. "Kana da kunnen jin su."

Labari ya fita, tunda shingen kara ba ya riƙe sirri. 'Yan kabu-kabu suka riƙa leƙowa, wasu don dariya, suna cewa tsohon zakara ya buɗe makarantar gudu. Tsofaffin abokan dambensa suka ce mutuwar ɗa ta taɓa masa kai. Wasu daga cikin masu dariyar sun dawo da farar singileti a ɓoye, ya zana su ya sallame su, bai tambayi sunansu ba. Shi duk ɗaya ne a wurinsa, yabo da zagi ba sa shiga. Mutum ɗaya yake yi domin shi, kuma mutumin yana da wani aibi da ya ƙi fita.

Ga aibin. A tsakiyar artabu Mainasara yakan saki jiki da gangan ya faɗi, domin ya ga abin da zai biyo baya. Abin da ake so shi ne Naziru ya yi tsalle baya ya ruga, kada ya tsaya ko na ƙiftawar ido. Amma Naziru ɗan gidan tarbiyya ne, kuma a gefen fage ya girma. Da ya ga mutum a ƙasa sai jikinsa ya saki, wasa ya ƙare. Balle kuma mahaifinsa ne, dattijo, kwance a turɓaya. Sai ya sunkuya ya miƙa hannu yana cewa sannu Baba. Nan take gawayin zai sauka a cikinsa. Gobe a sake, ya sake sunkuyawa. Ya san za a zana shi, ya rantse ba zai tsaya ba, amma hannun yake miƙa kansa. Safinatu ta gaji da wanke singileti, ta ce wa mijin wace irin koyarwa ce wannan da ake hana ɗa ya ɗaga ubansa. Ya ce mata ita ce wadda ya kamata ya yi tun farko.

Wata yamma da Naziru ya sake sunkuyowa, Mainasara bai zana shi ba. Ya riƙe hannun, ya jawo shi kusa, ya ɗora gawayin a bayansa, ƙasa da haƙarƙari, ya danna har ya farfashe.

"Nan anka soke shi," ya ce, muryarsa yadda take in yana faɗin kuɗin nama. "Ya kada mutum, yaj ja baya, yaj juya. Ni nik koya mai. Bayan shingen ga ba ubanka, ba ƙa'ida. Wanda yah hwaɗi bai ƙare ba, wuƙa yaka lalabe. Ka barni ƙasa."

Naziru ya miƙe ya shige gida. Kashegari da uban ya faɗi, Naziru ya yi tsalle baya ya ruga har bakin rijiya, ya tsaya can yana kallon ƙasa. Mainasara ya tashi da kansa, da ƙyar, yana dafa shinge. Mutumin da ba a taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba yanzu kullum sai ya kwanta a turɓaya a bayan gidansa, kaji suna kewaya shi, kuma ko wannan bai dame shi ba.

Aka ci damina, aka yi kaka, makaɗa suka wuce ta Dingyadi bai fita ba. Aka shiga cirar albasa, motoci suna ta lodin buhuna a kan hanyar Shagari. Wata ranar kasuwa, zafi ya kai inda ƙuda ma ba sa tashi daga kan nama, wata motar albasa ta tsaya a bakin kasuwar Bodinga, Naziru ya diro daga saman buhuna. Ba riga a jikinsa, ba takalmi, ƙafafunsa duk ƙaya da taɓo. Mutanen da ke cikin motar sun riga shi sauke labarin. Ɓarayi biyu ne, ɗaya ya hau a matsayin fasinja, ɗaya yana jira a hanyar Lambara. An kama rigarsa ya bar musu ita, ya bangaje na gabansa, ya ratsa gonaki yana ihu har ya faɗa cikin masu cira. Kafin a taso sun tafi da mashin.

Naziru ya ratsa layin masu nama kansa a ƙasa. Ana ta yi masa jaje, amma irin jajen da ake yi da gefen baki. Wani ya ce yayansa dai bai bar musu ba. Wani ya ce jini ma yakan tsinke. Naziru ya ji duka. Ya zo gaban tebur ya durƙusa, bai ɗaga ido ba.

"Baba, na bar musu mashin ɗin Yaya."

Mainasara ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a tsumma, ya zagayo. Ya ɗaga shi tsaye. Ya duba cikinsa, ya ɗaga hannuwansa ya duba hammata, ya juya shi ya bi bayansa da lanƙwasassun yatsunsa a hankali, haƙarƙari bayan haƙarƙari, har ya zo wurin nan. Ya tsaya a kai. Fata ce kawai, da gumi, da ɗumi.

"Wanda kab bangaje, ya hwaɗi?"

"Ya hwaɗi."

"Ka tsaya?"

"Ban tsaya ba."

Mainasara ya gyaɗa kai. Ya juya zai koma bayan tebur, tunda akwai mai jiran a yanka masa hanta. Ya yi taku ɗaya, sai ƙafafun suka ƙi. Ba faɗuwar gangan ba ce irin ta bayan shinge. Gwiwarsa ta sauka a ƙasa a tsakiyar kasuwa, hannunsa ya bi, a gaban masu tsire da masu saye da tsofaffin da suka san shi a fage. Wani abu ya taso masa daga ciki mai zafi ƙwarai, abin da ya yi ta jira tun ranar wankan gawa, ya zo gaba ɗaya bai bar masa wurin numfashi ba. Ya ji bakinsa yana kiran sunan da bai taɓa kira ba tun ranar suna, Attahiru, Attahiru, a hankali, ba wanda ya ji sai na kusa.

Naziru ya riga ya yi tsalle baya. Jikinsa ne ya yi, yadda aka koya masa. Yana tsaye nesa da hannu, ƙirjinsa yana hawa da sauka, yana kallon ubansa a ƙasa bai san abin da ake so ya yi ba.

Mainasara ya ɗago fuska jiƙe, ya ga inda ɗan nasa ya tsaya, ya ga tazarar daidai take. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna masa babu gawayi.

"Taho," ya ce. "Yanzu kana iya tada ni."